A Sayen Hedifon Mai Tsada, Ji Ne Ya Kori Gani

  

Yau ina so ne in taɓo wata magana wadda wasu dattawanmu za su ga kamar ba ta kai a zauna a rubuta ba, wato maganar hedifon, abin nan da ake kifawa a kunne don sauraron waƙa ko labarai. To amma a ganina duk abin da zai cinye ribar mutum ta wata da watanni, sannan ya zauna manne da kunnensa awa biyar ko shida a kullum, ya kai a tsaya a yi masa lissafi. Duk mai zagaya Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san cewa samarinmu yanzu sun wuce ɗan iyafis ɗin bakin titi. Ana ta neman manya, irin su Sony da Bose da Sennheiser da na Apple, kuma da yawa abin da ke jan su shi ne sunan kamfani da hoton da suka gani a waya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, hedifon ɗin da ya fi kowanne kyau a duniya ba lallai ne ya zama shi ya fi kyau a Ikko ba. Mutumin da ke yini a kasuwa, ya shiga danfo da yamma, ya kwana kusa da janareton maƙwabci, sannan ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano duk lokacin da zai je ganin gida, abin da ya kamata ya fara nema shi ne wanda zai tare masa hayaniya, ya shiga aljihu ko jaka, kuma wayarsa ta iya da shi. Idan babu waɗannan ukun, ba zai ma ji daɗin sautin da ya biya kuɗinsa ba.

Su wa aka ƙera wa manyan hedifon?

Akwai wasu mutane, galibi a Turai da Amurka da Japan, waɗanda ke da jarabar son tsantsar sauti. Ni ina kiran su masu ƙwaƙƙwafin sauti. Burinsu su ji waƙa yadda aka ɗauke ta, kowane abin kiɗa a gurbinsa, har numfashin mawaƙi. Domin su ne kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da HD 600 a 1997, wanda har yau ake sayar da shi, da kuma HD 800 a 2009. Domin su ne kamfanin Focal na Faransa ya fitar da Utopia a 2016 a kan dala 3,999. Akwai ma HE 1 na Sennheiser da ya fito a 2015 a kan kusan Yuro 50,000, wato kuɗin gida sukutum.

Duk waɗannan da na lissafa abu guda ya haɗa su, bayansu a buɗe yake. Maimakon murfi, raga ce a bayan 'yar lasifikar da ke ciki, iska na shiga tana fita. Sennheiser ne ya fara kawo wannan tsari da HD 414 a 1968. Amfaninsa shi ne sautin yakan yi faɗi, ka ji kamar makaɗan suna zaune a gabanka a fili, ba a cikin kanka ba. Wannan gaskiya ne, ba kurin talla ba. To sai dai ƙofar da iska ke bi, ita hayaniya ke bi. Duk abin da ke faruwa a waje zai shigo maka, kuma duk abin da kake ji na kusa da kai zai ji. A ɗaki shiru cikin dare, babu kamarsa. Amma a gosulon Oshodi, inda kwandasta ke ihu, hon na tashi ta ko'ina, mai sayar da magani na wa'azin maganinsa a cikin mota, wane faɗin sauti za ka ji? Ka biya kuɗin nama ne ka tashi da romo.

Matsala ta biyu ita ce ƙarfin da suke buƙata. A jikin kwalin kowane hedifon akwai wata lamba da ake aunawa da om. Ƙananan da aka yi domin waya yawanci om 16 ne zuwa 32. Shi kuwa HD 600 om 300 ne. Idan ka jona shi kai tsaye da waya zai yi magana, amma a raunane, kamar an ɗora wa Keke Napep lodin tirela. Sai ka sayi amfilifaya ta musamman kafin ya nuna abin da ya iya, ga ƙarin kuɗi ke nan, ga ƙarin kaya, kuma ta kan tebur tana jiran wutar NEPA. Ga nauyi kuma, domin Utopia giram 490 ne, kusan rabin kilo a kanka, kuma ba ya naɗewa. Irin waɗannan kayan zaman gida ne, mu kuwa yawancinmu gida wajen kwana ne kawai.

Ukun da suka dace da mu

Na farko shi ne mai rufaffen baya, mai igiya. Irin sa ake amfani da shi a gidajen rediyo da situdiyo, saboda yana tare hayaniya daidai gwargwado kuma sautinsa ba ya fita waje. Akwai Sony MDR-7506 da ke kasuwa tun 1991, om 63, da Audio-Technica ATH-M50x na 2014, om 38, dukansu suna naɗewa su shiga jaka, kuma waya na iya da su. Akwai Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus, wanda ake yi iri uku, om 32 da 80 da 250, saboda haka sai a duba kwali da kyau, mai waya ya ɗauki na 32. Babban amfanin wannan rukuni shi ne babu batir, babu caji, kuma idan soson kunne ya lalace ana canza shi. Aibinsa zafi. Soson fatar roba yana tara gumi, kuma a damshin Ikko ba ya daɗewa yake fara saɓulewa. Sannan tun da Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung ma suka bi sahu, dole mai irin wannan waya ya nemi 'yar mahaɗa da ake soka wa a ramin caji. Masu Tecno da Infinix da yawa har yanzu suna da ramin.

Na biyu shi ne mara igiya mai kashe hayaniya, kuma shi ne samari suka fi rububi. Yadda yake aiki shi ne, akwai ƙananan makirfo a jikinsa da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiri kishiyar wannan ƙara ta aika kunnenka, su kashe juna. Amar Bose ya yi tunanin ƙera irinsa a cikin jirgin sama a 1978, kamfaninsa kuma ya fitar da QuietComfort na farko a 2000. Daga wannan tarihi ma za ka gane inda ya fi ƙarfi, wato ƙara mai kauri da ba ta canzawa, irin gurnanin injin jirgi, ko na babbar bas a hanyar Lokoja, ko na janareto. A nan kam abin mamaki ne, kana kunna shi sai ka ji kamar an rufe ƙofa. Amma muryar mutane da hon da kukan yaro, rage su kawai yake yi. Sony WH-1000XM5 na 2022 yana ɗaukar awa 30 a caji guda, sai dai ba ya naɗewa, shi kuwa XM6 na 2025 an dawo masa da naɗewa. AirPods Max na Apple da ya fito a 2020 a kan dala 549 ya kai giram 385, ya fi na Sony nauyi sosai.

Abin da mai talla ba zai gaya maka ba game da wannan rukuni guda biyu ne. Na ɗaya, Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika shi. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, Bluetooth na gama-gari kuwa bai wuce 328 ba. Sony na da nasa tsarin mai suna LDAC da ke kaiwa 990, wanda ke cikin Android tun 2017, amma iPhone ba ta aiki da shi. Ke nan mai iPhone da ya sayi Sony saboda LDAC ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa amfana da shi ba. Na biyu, batir yana tsufa, kuma zafi na gaggauta tsufansa. Mai igiya zai iya yin shekara goma ko fiye, mai batir kuwa bayan 'yan shekaru cajinsa zai fara gudu, kuma ba kowane mai gyara ne ke iya canza shi ba.

Na uku, kuma shi ne zaɓina ga yawancinmu, shi ne iyafis mai toshe ramin kunne, amma na ainihi. Mutane na raina shi saboda ƙanƙantarsa, alhali shi mawaƙan duniya ke sawa a kan dandamali. Kamfanin Etymotic na Amurka ya fitar da ER4 tun 1991, kuma ya ce yana tare ƙarar waje da desibel 35 zuwa 42, ba tare da batir ba. Shure SE215 na 2011 ya fito a kan dala 99, kuma ana cire igiyarsa a canza. Yanzu ma kamfanonin Sin irin su Moondrop suna yin masu kyau a farashi mai sauƙi. Dubi yadda ya dace da rayuwarmu. Yana shiga aljihun gaban riga. Ba ya tara gumi. Ba ya jan idon masu fizge a tasha. Kuma ga wani abu da Bature mai ƙera hedifon bai taɓa tunani ba, mu masu sa hula ne. Babban hedifon ko dai ya danne maka hular da ka ba da aka wanke aka ɗora a kan gwangwani, ko hular ta hana shi zama daidai a kunne, iska ta shiga, amon ya zube. Haka 'yan uwa mata masu ɗankwali da hijabi. Iyafis ba ruwansa da wannan. Sirrinsa guda ne, robar bakinsa ta yi daidai da ramin kunnenka. Shi ya sa ake zuba ƙanana da matsakaita da manya a kwali. Idan ba ta toshe da kyau ba, amo mai kauri ba zai fito ba, sai ka ɗauka kayan ne ba su da kyau.

Me kake zuba masa?

Hedifon kamar tukunya yake, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Yawancin waƙoƙin da ke wayoyinmu an tura mana su ne ta Xender ko WhatsApp, ko an loda mana a memori a shagon masu tura waƙa, kuma da yawa MP3 ne na kilobit 128 ko ƙasa da haka. Hedifon mai tsada ba ya gyara irin wannan, tona masa asiri yake yi. Haka tsofaffin waƙoƙin da muke ji idan kewar gida ta taso, kalangun Mamman Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos, kotson Musa Ɗanƙwairo, yawancin kwafin da ke yawo daga kaset aka juyo su, wani kaset ɗin ma daga wani aka kwafa. Na'ura mai ƙwaƙƙwafi za ta fito maka da shuuu ɗin kaset ɗin fiye da yadda ƙaramar rediyo za ta yi. Idan irin waɗannan ka fi ji, da labaran BBC da na DW, to abin da kake buƙata shi ne wanda ke fitar da muryar mutum tas, ba mai dukan ƙirji ba. Idan kuwa sababbin waƙoƙi ne, ka fara neman kwafi mai kyau, na kilobit 320 ko wanda ba a matse ba, kafin ka ƙara ko sisi a kan hedifon.

Maganar kuɗi da jabu

Duk kayan nan da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. A wannan lissafi, hedifon na dala 400 ya kama naira 600,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin fiye da wata takwas ke nan a rataye a wuya. Kuma ƙarin kuɗi ba ya tafiya daidai da ƙarin daɗi. Tsakanin na bakin titi da na dala 100, tazarar kowa zai ji ta. Tsakanin na dala 100 da na 400 akwai bambanci, amma bai kai ninki huɗu ba. Daga nan zuwa sama kuwa, sai mai horarren kunne a ɗaki shiru.

Mahaifina yakan ce riba a wajen sari ake cin ta, ba a wajen sayarwa ba, kuma haka abin yake a nan. A Computer Village ta Ikeja da Alaba International akwai dillalai masu gaskiya, akwai kuma jabun da kwalinsa ya fi na ainihi sheƙi. Lambar da ke jikin kwali ba hujja ba ce, domin ita ma kwafarta ake yi. Idan aka ce maka ga na dala 400 a kuɗin da bai kai rubu'insa ba, ka san araha ba ta ado. Ga mara igiya, ka sauke manhajar kamfanin a wayarka ka haɗa a gaban mai shago, domin jabu yawanci ba ya shiga. iPhone ma tun 2022 tana yin gargaɗi idan ta kasa tantance AirPods. Ka karɓi rasit mai sunan shago, a rubuta garanti a jiki. Tokumbo kuma ba laifi idan mai igiya ne, ka canza soso ka ci gaba. Amma tokumbo mai batir sayen kifi a ruwa ne, ba ka san saura nawa ya rage masa ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Ka je da wayarka, da abubuwa uku da kunnenka ya haddace, muryar mai karanta labarai, da waƙar gargajiya, da ta zamani. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, domin mai bes zai sa maka kuma ya ƙure ƙara, kunne kuwa duk abin da ya fi ƙara yakan ɗauka shi ya fi daɗi. Ka gwada biyu ko uku a ƙara iri ɗaya. Ka bar shi a kanka minti goma ka ji ko yana matsa, musamman idan kana sa tabarau. Sannan ka kashe waƙar ka saurari hayaniyar kasuwar, ka ji nawa ya tare. Wannan gwajin na ƙarshe ya fi duk abin da aka rubuta a kwali.

Na san wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma yana son a gan shi da babban suna. Ban musa ba, iya kuɗinka iya shagalinka, sai dai ka san ado ka saya ba sauti ba. Wani kuma zai ce duk ɓata kuɗi ne, Oraimo ta wadatar. Shi ma yana da gaskiyarsa idan kira da labarai kawai yake yi. Amma ban yarda cewa duk ɗaya ne ba, kuma dalilina ba daɗin waƙa kaɗai ba ne.

Ba a sayar da kunne a Alaba

Dalilin shi ne lafiyar kunne. Wanda hedifonsa ba ya tare hayaniya, dole ya ƙure ƙara don ya rinjayi ta titi, kuma a nan ɓarnar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90 awa 4 ne kawai, idan ya kai 100 kuwa minti 20 ne a duk makon. A 2019 hukumar ta ce matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce ka cire hedifon ka ji kunnenka na yin wiii, ko ka ji maganar mutane ta dusashe. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya, kuma a riƙa ba kunne hutu. Mai toshewa da kyau shi ke ba ka damar bin wannan shawara a gari irin namu, saboda ko a ƙaramar ƙara za ka ji komai. Ɗan kasuwa da kunne yake ciniki, kada a kai shekara arba'in ana ce wa kwastoma "me ka ce?"

Sai dai toshewar nan tana da wurinta. A cikin bas, ko jirgin ƙasan Ibadan, ko a ɗaki, madalla. Amma wajen tsallaka babban titi, ko layin dogo irin wanda ya ratsa Agege, ko a kan babur, a cire shi gaba ɗaya. Abin da ya hana ka jin janareto shi zai hana ka jin hon ɗin tirela.

Saboda haka ɗan uwa, idan ka tara kuɗinka ka yi niyya, ka fara tambayar kanka a ina za ka fi sa shi. Idan kasuwa ce da zirga-zirga, nemi iyafis na ainihi mai toshewa. Idan doguwar tafiya ce da ƙarar inji, kuma aljihu ya yarda, nemi mai kashe hayaniya wanda ke naɗewa. Idan kana haɗa sauti ko bidiyo, nemi mai rufaffen baya da igiya. Mai buɗaɗɗen baya kuwa a bar shi sai ranar da Allah ya hore ɗaki shiru da wuta tsayayya. Ragowar kuɗin a mayar da su jari, ko a aika gida.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kare mu a zaman da muke yi, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalam.